Matar da Aka Bari a Ƙofar Gari

A makon jiya na karanta littafin ƙarshe. A waya na karanta shi, ina zaune a gindin darbejiyar makarantar da nake koyarwa a Malumfashi, yara sun fita tara. Da na kai ƙarshensa sai na kife wayar a cinyata na yi tagumi, har Malam Isiya, abokin aikina, ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mana. Na ce masa a'a, littafi ne. Ya yi mini kallon wanda ya girma bai sani ba, ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Ban ga laifinsa ba. Magidanci da 'ya'ya, har furfura ta fara leƙowa a gemu, ya zauna yana ɓata rai a kan labarin aljanu da takubba, ai dole a yi masa wannan kallon.

Gaskiyar magana, littafin ya daɗe da fita raina. Ba don kaina na bi shi shekara da shekaru ba, ina saye ina tsaki. Don kakata na bi shi, ita kuwa ta daɗe a ƙasa.

Iya muke ce mata, ita ta haifi babanmu. Gidanmu yana wani ƙauye ne kusa da Mahuta, gidan manoma, masara da dawa da auduga. Idan aka gama girbi sanyi ya shigo, akan jibge masara a ƙofar ɗakinta, don a lokacin inji bai zo mana ba tukuna. Bayan sallar isha'i sai ta hura wuta da kara a tsakar gida, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta kowa da ƙwaryarsa. Aikinmu shi ne mu murje masara da hannu, mu jefa totuwar cikin wuta. In hannu ya tsaya wuta ta ja baya, in wuta ta ja baya bakin Iya ya tsaya. Da wannan dabarar ta ci guminmu shekaru, manyan yatsunmu duk suka yi kanta, ladanmu tatsuniya da ɓarin dankali. Ni take kira "mai gidana", irin wasan kaka da jika, kuma ni ta fi tsangwama. Kullum sai ta ce ita ba ta taɓa ganin mijin da ba ya iya cika ƙwarya ɗaya ba sai nata.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara zama, ta ja mayafi ta rufe gwiwoyinta, ta ce, "Na ɗauko." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Sauke mu gani."

Wadda na fi riƙewa ita ce ta Tanko da zabuwa. Wai wata mata ce da ɗanta Tanko suka shuka gero, zabuwa ta riƙa tone musu iri. Ran nan Tanko ya ɗaure jakinsa a gindin tsamiya ya bi ta da gudu. Ta shige kogon kuka, shi ma ya shige. Ashe a cikin kogon gari ne guda, mutanensa masu kirki, ba sa tambayar baƙo daga ina yake. Suka ba shi wata fura mai daɗi, wadda duk wanda ya sha sai ya manta gidansu. Ya zauna, ya yi gona, ya yi ƙiba. Uwarsa kuwa kullum da yamma sai ta tuƙa tuwo, ta zuba nasa a akushi, ta rufe da faifai ta ajiye a bakin ƙofa. Wani ɓera ya gane wurin, ya riƙa sata yana kaiwa raminsa, ramin kuwa ya ɓulle har cikin garin kogon kuka. Wata rana Tanko ya kama ɓeran da loma a baki, ƙamshin daddawar uwarsa ya doki hancinsa, nan take ya tuna ko shi wane ne. Ya bi ramin ɓeran yana rarrafe har ya fito a bayan ɗakinsu, ya iske akushinsa da sauran ɗumi.

Kowace tsohuwa a nan za ta rufe. Iya kuwa a nan take tsayawa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, wa ya rage a waje?" Mu shiga lalube. Wani ya ce zabuwa, ta ce zabuwa ta koma kan ƙwanta a cikin ciyawa. Wata ta ce ɓera, ta ce an yafe masa, har ana ajiye masa ɗan gutsure. Ranar da na tuno da jakin da aka ɗaure a tsamiya tun farkon labari, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Yau dai mai gidana ya yi abin kai." Ta tashi Tanko daga kan tuwonsa, ta aike shi ya kwanto jakin ya ba shi ruwa, sannan ta yarda muka je muka kwanta. Ƙa'idarta ke nan. Ba ta barin kowa ya kwana a daji, ko mugu ne sai ta faɗi inda ya ƙare. Takan ce in ka fito da mutane daga gidajensu don ka ba da labari, kai ke da alhakin mayar da su.

Muna yara mun ɗauka wasa ne kawai. Akwai abin da kowa ya sani a gidan, amma ba mu taɓa haɗa shi da tatsuniya ba. Babanmu ba shi ne babba ba a wurin Iya. Yana da wa, Lawal, wanda ya bi motar shanu zuwa Kudu tun kafin a haife ni, ya ce zai dawo kafin shuka. Shekarar farko ya aiko da gaisuwa da turmin atamfa. Daga nan shiru. An je nema, an tambayi direbobi da masu fataucin shanu, wani ya ce ya gan shi a wata kasuwa, wani ya ce ba shi ba ne. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Shi kuwa Lawal ɗan fari ne, Iya kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ko wani Lawal ne daban sai dai ta ce "mai sunan wancan". An ce tun yana gida ba ta zama su yi hira, ba ta nuna ta damu da cinsa ko shansa a gaban mutane. Da ya ɓace, kunyar tana nan yadda take. In maganarsa ta taso a tsakar gida sai ta tashi ta shige ɗaki, ko ta hau faɗa da akuya. Mutane suna yaba mata, suna cewa ba a taɓa ganin mace mai haƙurinta ba.

Ina aji biyar a firamare wana Sabi'u ya raka Baba kai auduga Funtua, ya dawo da wani ɗan siririn littafi a aljihu. A bangonsa an zana ƙato riƙe da takobi, maciji mai kawuna barkatai ya kanannaɗe shi. Sabi'u karatunsa da gargada yake, ni kuwa ya zauna mini a baki, don haka aka ce ni zan karanta wa kowa. Wuri ɗaya ne mai haske da ɗumi a gidan, wato wutar Iya. Ta taɓe baki ta ce ita ba ta ga abin da takarda za ta faɗa mata ba, amma mu yi, in dai hannu bai tsaya ba. Ni ta ɗauke mini murza a ranar, ta ce da ma ba wata tsiya nake yi ba.

Ba zan faɗi sunan littafin ba, ko na mai shi, don ba rigima nake nema ba. Labarin wani saurayi ne, Ramsalu, wanda ubansa ya rasu ya bar shi da uwarsa, a wani birni da aljani ya sace wa ruwan sama ya kulle a cikin tulu. Ramsalu ya ɗauki takobin ubansa zai bi aljanin. Uwarsa ta rako shi har ƙofar gari, ta ce ba za ta koma ɗaki ba, a nan za ta zauna sai ya dawo. Ya ce mata kafin watan nan ya ƙare yana nan tafe.

A daidai nan na ji murzar Iya ta tsaya. Ban kula sosai ba, na ci gaba, don an shiga dajin macizai, mu kuwa abin da muke jira ke nan. Aka sare kawuna, jini ya malala, Ramsalu ya zame ya faɗa wata rijiya da ba a ganin ƙasanta. Sai littafi ya ƙare, aka rubuta a nemi na biyu.

"Ci gaba mana," in ji Iya.

"Ya ƙare, Iya."

"Kamar yaya ya ƙare? Yaron na cikin rijiya."

"Sai a na biyu. Bai fito ba tukuna."

"Matar fa? Tana nan ƙofar gari?"

Na ce tana can. Ta karɓi littafin ta jujjuya shi, ta leƙa bayansa, ko sauran labarin ya maƙale a can. Ta miƙo mini ta ce, "Shi mai littafin nan, yau zai iya barci?"

Daga ranar Iya ta kamu, ta ma fi mu kamuwa. Duk wanda zai shiga Funtua, ko taki zai sayo ko maganin feshi, sai ta tare shi ta ce ya leƙa wurin mai littattafai. Tatsuniyoyinta suka ja baya. Mu muka fara guje musu, don ina zabuwa ina aljani mai tsawon rimi, ita kuma ba ta ja da mu ba. In sabon littafi ya zo, kafin in buɗe ta riga ta tambaya, da ƙarfi, a gaban Baba da iyayenmu mata: "Ya koma wa uwarshi?" In na ce a'a, ta ce, "Ko saƙo bai aika mata ba?" Wani lokaci ta zage shi tas, ta ce ɗan banza ya samu gari mai daɗi ya shantake. Kafin a jima kuma ta dawo tana kare shi: "Halan hanya ce ta ɓace mashi. Ɗa ba ya ƙin uwarshi haka kawai." Gida ya ɗauka da dariya, ana cewa Iya ta tsufa ta zama 'yar boko. Da ni ake dariyar. Sai da na girma na gane cewa a duk faɗin gidan nan, nan ne kaɗai ta samu inda za ta buɗe baki ta tambayi ɗan da ya tafi, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Littattafan farko sun yi daɗi, ba zan tauye wa mutumin haƙƙinsa ba. Ya iya zuba labari, kana ji kamar a gabanka ake yi. Amma tun daga wajen na biyar abin ya fara tsami. Ramsalu ya kashe aljani ya ɗauko tulu, sai aka ce ai ba shi ne tulun ba. Aljanin yana da wa. Wan yana da boka, bokan yana da sarki a ƙarƙashin teku. Aka kashe Ramsalu aka tashe shi, aka sake kashe shi aka sake tashe shi, har mutuwarsa ta daina ba mu tsoro. Abokinsa da muka yi wa kuka a na huɗu, sai ga shi a na tara yana cin nama, ba wanda ya ce mana ga yadda aka yi. Ya auri 'yar sarkin aljanu, ya ƙara da 'yar sarkin teku. Littafin kullum ƙara sirancewa yake, rabinsa kuma maimaicin na baya. Ruwan saman da aka fita nema ba wanda ya sake tada zancensa, balle matar da ke zaune a ƙofar gari.

Sabi'u ya yi zuciya ya daina, ya koma kallon ƙwallo. Sauran yaran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Injin masara ma ya zo, wutar totuwa ta zama sai jefi-jefi. Aka bar ni daga ni sai Iya.

Ita ba fushi ta yi da mai littafin ba, tausayinsa ta ji. A ganinta abokin sana'a ne da aiki ya rikice wa. "Ya ɗebo mutane da yawa," in ji ta, "ya rasa ta inda zai maida su. Yakan faru. Ni ma ina yarinya na taɓa yi." Shekarar da na shiga sakandare, ranar da zan bi Baba kasuwar Funtua, ta kira ni ɗaki ta ba ni ƙullin daddawa, irin tata da ake zuwa saye daga ƙauyukan kusa. Ta ce in kai wa mai littafin.

"Ka ce mashi wata tsohuwa tana gaishe shi, ta ce sannu da aiki. Ka ce in hanya ce ta ɓace mashi, abin ba wuya, ya juyo da yaron ta inda ya bi. In kuma ba zai iya dawo da shi da rai ba, ban ce dole ba. Ya kashe shi, amma ya aiki mutum ya faɗa wa matar nan, ta yi kukanta ta shiga ɗaki. Sanyi ake yi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Iya, a kashe Ramsalu kike cewa?"

"Kai dai ka faɗa mashi yadda na faɗa."

Rumfar mai littattafan tana kusa da tasha, littattafai rataye a igiya kamar shanya. Mai ita wani dattijo ne mai tabarau. Na gaishe shi na isar da saƙon kaf, ban rage komai ba, kunya tana ci na saboda akwai 'yan mata biyu suna zaɓen littafi a gefe. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Yaro, ni ban taɓa ganin mutumin nan ba. A buhu ake kawo mani su daga Kano."

"To ko za a ba direba ya kai mashi?"

Ya yi murmushi. "Ka ce wa tsohuwa hanya ba ta ɓace mashi ba, ya san ta sarai. Ranar da yaron nan ya koma gida, ranar za a daina sayen littafin. Kai in kai ne, za ka maida shi?"

'Yan matan suka kwashe da dariya. Dattijon bai yi ba. Ya turo mini ƙullin daddawar ya ce in mayar mata, shi ba zai ci abin da ba shi aka ba wa ba. Ya ɗora sabon fitowa a kai, ya ce wannan kyautarsa ce ga tsohuwa.

A mota na yi ta saƙawa ko in ɓoye mata. Amma ƙamshin daddawar ya riga ni shiga ɗakin, don haka na faɗa mata yadda muka yi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi tsaki ba. Ta daɗe tana kallon ƙullin a tafin hannunta, ni kuma ina tsaye na rasa inda zan sa idona.

"Ashe da gangan ne," ta ce. "Ya san tana wurin."

Ta tura ƙullin ƙarƙashin gado. Na ce ko in karanta mata sabon? Ta girgiza kai. "Daga yau ka riƙa duba mani kawai. In ka ga matar, ka zo ka karanta. In babu, kar ka wahal da bakinka."

Haka muka koma. Duk wanda ya fito in saya, in karanta ni kaɗai, in je ƙofar ɗakinta in ce, "Iya, babu." Ta gyaɗa kai ta tambaye ni makaranta. Wani lokaci littafin ya daɗe bai fito ba, a ce mai shi ba shi da lafiya, ko a ce ya koma wata harkar, sai kuma ka ga sabo a igiya. Na tsani littafin, na tsani bangonsa, amma na kasa wuce rumfar nan ban tsaya ba. Yaƙe-yaƙen ma na daina karanta su. Shafi kawai nake buɗawa ina duba fuskoki, kamar mai neman ɗan'uwansa a cikin taron kasuwa.

Ciwon ajalinta da damina ya zo. Ina kwalejin horon malamai aka aiko mini. Na same ta ta ƙanƙance a kan gado, Baba da ƙannensa mata sun cika ɗakin. Da suka fita sallah ta yafito ni da hannu.

"Mai gidana, an kai na nawa?"

Na faɗa mata.

"Ya tuna da ita?"

Na buɗe baki da niyyar in shirya mata ƙarshe mai kyau, don tun a mota na fara haɗa shi a raina. Ta ɗaga yatsa. "Kar ka yi mani ƙari. Na san muryarka in kana karatu, na san ta in kana shiri."

Na ce, "Bai tuna ba, Iya."

Ta rufe ido. "To, Allah ya ba ta haƙuri," ta ce. Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba ta cika. Har ta bar duniya ban ji sunan Lawal a bakinta ba.

Bayan rasuwarta na ci gaba da dubawa, ban san wa nake duba wa ba. Rumfar ta tashi, littafin ya koma waya, ana sayensa a wani zauren masu karatu. Ya haura na arba'in. Bana aka ce ga na ƙarshe. Ramsalu ya gama da maƙiyansa duka a yaƙi guda, ya zama sarkin mutane da aljanu, ya gina birnin zinariya a wata duniya daban, ya zauna da matansa cikin jin daɗi. Na koma farko na sake bi a hankali, layi bayan layi. Ba a ce ta mutu ba, ba a ce tana raye ba. Ko ambatonta ba a yi ba.

Zauren ya kaure da ƙorafi. Wasu sun ce yaƙin ƙarshe ya yi gajarta, wasu sun ce an zalunci matarsa ta biyu, wani ya ce shi da ya san haka za a yi da tun a na goma ya tsaya. Ni kuma na rubuta: "Uwarsa fa, da aka bari a ƙofar gari?" Can sai wani yaro, wanda na tabbata ba a haife shi ba lokacin da na ɗaya ya fito, ya rubuto: "Wace uwa kuma, Malam?"

Ina yaro na ɗauka abin da Iya ke so shi ne labari ya ƙare da daɗi, shi ya sa na ga mugunta a saƙonta na a kashe Ramsalu. Yanzu na zauna da mutane na ga abin da take nufi. A 'yan shekarun nan da hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga, na ga matan da aka kawo wa gawar mazansu, na ga waɗanda ba a kawo wa komai ba. Na farkon sun yi kuka, an zo an yi musu gaisuwa, sun yi takaba sun fita. Na biyun har yau in mashin ya tsaya a ƙofar gida sai sun ɗaga kai. Iya ba daɗi ta roƙa ba. Ta roƙa ne a faɗa mata, ko me ne ne, ta san inda za ta ajiye zuciyarta.

Ranar Asabar na hau mashin na tafi gida. Baba ya tsufa, na same shi a zaure yana tufka igiya. Muka taɓa hirar taki da ta hanya. Daga nan na ce masa, Baba, me ya sa ba a taɓa yi wa Baffa Lawal komai ba, ko da tara mutane ne a yi masa addu'a, a san an rufe maganar? Ya ajiye igiyar. Ya ce shi da liman sun sha yin wannan shawarar, amma suka ga bai kamata su fama wa Iya ciwon da ya warke ba. Suna jira ne ita ta fara magana.

"Ai Iya ta haƙura da shi tun tuni," in ji shi. "Duk zaman da muka yi, ban taɓa jin ta tambaye shi ba ko sau ɗaya."

Na ce, "Ta tambaya, Baba. A gabanka ma. Dariya muka yi."

Bai gane ba da farko. Ya ƙura mini ido, ina kallo abin yana shigarsa a hankali. Ya ɗauki igiyar ya kasa ci gaba da ita. Can ya ce, da wata muryar da ban san shi da ita ba, "Duk lokacin da ka kawo littafin nan?"

Na ce duk lokacin.

Muna nan zaune aka kira la'asar. Da zai tashi ya dafa kafaɗata, ya ce ranar Juma'a za a tara mutane a yi wa Lawal addu'a. Za a yi, ni ma na ce zan kawo goro. Sai dai wadda ta yi ta tambaya ba ta nan da za a faɗa mata.